Ranar da Malam Kyari Fatoma Ya Miƙe Tsaye

Malam Kyari fatoma ne a Fagge, wato mai saukar fatake. Ubansa ya zo daga Barno da jakunan kanwa, ya gina zaure a bakin hanya, shi kuma Kyari ya gaji zauren daidai lokacin da motoci suka karɓe aikin jakuna. Allah ya taimake shi, manyan motocin da ke zuwa daga Nguru suka mai da ƙofar gidansa tasha. Duk wanda ya sauko da busasshen kifi ko fatu, a zaurensa yake kwana, shi yake nemo masa mai saye, ya karɓi la'adarsa. Da wannan tasha yake ciyar da gida mai baki sama da ashirin. Mutum ne mai amana, mai sakin hannu, kuma ina ƙaunarsa har gobe. Amma abu ɗaya ba zan ɓoye ba: Kyari ya yi furfura yana ƙyashin Malam Gana.

Gana maƙwabcinsa ne, tare suka yi karatun allo. Tela ne, bai mallaki komai ba sai keken ɗinki da riga mai kyau guda ɗaya. Abin da Allah ya ba shi baki ne. In ya fara magana, mai tallan fura ma sai ta sauke ƙwarya. Kyari kuwa nauyin baki gare shi, kafin ya haɗa kalma uku gumi ya jiƙa masa hula. Baƙi su ci tuwonsa su ƙoshi, su yi godiya, sannan su ja tabarmarsa zuwa rumfar Gana su sha hira. Ranar auren 'yarsa ta fari ya yanka sa, amma har yau abin da mutanen Fagge suke tunawa shi ne yadda Gana ya yi wa ango nasiha. Kyari bai taɓa faɗa wa Gana baƙar magana ba. Sai dai in ana yabonsa, za ka ga ya duƙufa yana kakkaɓe tabarmar da ba ta da ƙura.

A shekarun da ake ta shirin mulkin kai aka kafa wata ƙaramar majalisa ta mutanen wajen ganuwa, Fagge da Sabon Gari da Kwaciri, mai tsara dokokin kasuwa da hanya da famfo. Aka zaɓi Kyari saboda tuwonsa, aka zaɓi Gana saboda bakinsa. Ni aka ɗauka tafinta, don wakilan Sabon Gari da yawa Turanci suke yi, namu kuwa Hausa. Duk abin da zan faɗa a gabana aka yi shi.

Wata rana aka kawo daftarin doka na a tashi tashar motoci daga Fagge a mai da ita wani fili a gefen Sabon Gari. Kowa ya san in ta wuce, zauren Kyari ya mutu. Amma kafin a taɓa dokar, sai wani wakilin Sabon Gari mai sayar da kayan gyaran mota, Mista Obinna, ya ce a fara jefa ƙuri'a a kan ƙa'idar muhawarar. Ya nemi kowane wakili ya yi magana sau ɗaya, minti biyar, har da fassara a ciki, in lokaci ya cika akawu ya kaɗa ƙararrawa. Ba mugunta ya nufa ba. Mutum ne mai kanti, ya gaji da zaman da ake farawa da hantsi a tashi da la'asar ba a yanke komai ba.

Da aka fita shan iska, Gana ya sami Kyari a gindin darbejiya, ina tsaye kusa da su. Ya ce, "Malam Kyari, kada ka tashi ka goyi bayan ƙa'idar nan. Ka bar min lokaci kawai, ni zan tsaya maka a kan tasha."

Da zuciya ɗaya ya faɗa. Amma na ga fuskar Kyari ta canja. Abin da ya ji shi ne, ko abincin gidansa ma sai bakin Gana ya ƙwato masa, kuma gobe Fagge ta kwana tana cewa tela ya ceci fatoma. Ya gyara hula ya koma ciki.

A majalisar nan da tsayuwa ake ƙuri'a. Shugaba ya ce masu goyon bayan ƙa'ida su miƙe. Wakilan Sabon Gari suka miƙe, da wasu 'yan Kwaciri. Akawu ya ƙirga, aka yi kunnen doki da waɗanda ke zaune. Yana buɗe baki zai faɗa, sai benci ya yi ƙara. Kyari ne ya miƙe. Bai kalli kowa ba, amma ni da nake fuskantarsa na ga wani daɗi a idonsa wanda ban taɓa gani ba. Ƙa'ida ta wuce da ƙuri'arsa.

Aka shiga muhawara. Mutanen Sabon Gari sun saba, kowa ya tashi ya faɗi dalilinsa ya zauna, na fassara. Da aka zo kan Gana, ya yi abin da duk ɗan mutunci zai yi. Ya yi sallama, ya gai da shugaba, ya tambaye shi gajiya da iyali, ya jira amsa. Ya juya ga dattawa uku da ke gaba, ɗaya ma malaminsa ne, ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, su ma suka amsa a tsanake. Wallahi ya gajarta iyakar ƙoƙarinsa, amma ba zai iya tsallake malaminsa ya faɗa maganar mota ba. Ni kuma ina biye ina juyawa da Turanci. Yana cewa, "To, game da tashar nan," ƙararrawa ta kaɗa.

Aka kira Kyari. Ya tashi, ya ce tashar ta daɗe a wurin. Ya sake cewa ta daɗe. Gumi ya karyo masa, ya zauna tun akawu bai taɓa ƙararrawa ba. Doka ta tsallake karatu na farko cikin sauƙi.

Abin bai ƙare a nan ba, don saura karatu na ƙarshe. Mista Obinna da kansa ya tako har Fagge, ya ce bai ji daɗin yadda aka yanke wa Gana magana ba. Ya bayyana wa Kyari cewa a tsarin majalisa, wanda ya tsaya wa ƙa'ida, in ba shi ya kawo ta ba, yana da ikon neman a sake duba ta, kuma in Kyari ya nema shi zai mara masa baya. Matan gidansa suka ji, suka roƙe shi. Ni ma na roƙe shi, har na yi masa faɗa, abin da ban taɓa yi ba. Ya ce in Allah ya yarda.

Ranar zama ɗakin ya cika, har direbobi da 'yan kamasho a tagogi. Shugaba ya tambaya ko akwai mai neman a sake duba ƙa'ida. Kyari ya dafa gwiwoyinsa, ya fara ɗagowa. Nan take mutane suka juya, amma ba wajensa ba. Gana suka kalla, suna murmushi, wani a taga har ya ce yau za a sha magana. Gana ya gyara wuyan riga ya yi gyaran murya.

Kyari ya tsaya a haka, rabi tsaye rabi zaune, yana kallonsu. Shugaba ya ce, "Malam Kyari, kana da magana?"

Ya ce, "A'a, ranka ya daɗe. Ƙafata ce ta yi tsami."

Ya koma ya zauna. Kafin damina ta faɗi, motocin Nguru sun bar Fagge.