Damin Mai Gona

'Yata na da wata huɗu lokacin da maigidana ya ce in wannan damar aikin ma ba ta yi ba, Legas zai tafi acaɓa. Digirin noma gare shi, shekara uku yana kwance a akwati. Wani ofis ne a Funtua mai taimakon manoma kan rigimar gona ya kwashi masu digiri goma har da shi, ba lauya ko ɗaya a cikinsu, aka ba wata Hajiya lauya ta koya musu binciken doka da rubuta ta. Uku kawai za a riƙe. Ni dai kullum ina hango kaina da jaririya mu kaɗai.

Aikin gwajin da ta ba su na wani tsoho ne daga Kafur. Ya ce aron gona ya ba maƙwabcinsa, shi kuma ya dasa mangwaro ya ce kyauta ce. Shafi ɗaya ta ce su rubuta. Malam, maigidan nawa, ya cika huɗu: irin ƙasar, irin mangwaron, har takin da ya dace. Ta dawo masa da takardar ja wur da biro. A ƙasa ta rubuta, "Gona ta yi kyau, Malam. Ina dokar? Wane littafi, wane sashe?"

Sai ta ce kowa ya je ya karanta wa wanda bai yi nisa a boko ba, inda ya yamutsa fuska a soke. Ni a firamare aji huɗu na tsaya, ka ga an samu ma'aikaciya.

Ina ɓarar masara da hantsi ya ja kujera ya fara, yana fassara mini.

Na ce, "Malam, gonar dai ta wa ce?"

"Ki yi haƙuri mana, ranki ya daɗe, yana shafi na uku."

"Kafin nan ai alƙali ya yi gyangyaɗi."

Ya harare ni, ya soke. Can na tuna Babanmu a Maska, da yake noma gonar aro. Duk kaka sai ya ɗaure dami guda ya kai wa mai gona, ko shekarar ba ta yi ba, don kada a manta mai ita.

Na ce, "Shi mai mangwaron, yana kai wa tsohon dami?"

Ya ajiye biro ya miƙe. Ko rigar kirki bai sa ba ya tada babur, sai Kafur. Ashe shekara da shekaru ana kaiwa, kuma a gaban mutane. Sashen dokar shi ya nemo abinsa, kwana biyu yana tonon littattafai, wannan kam ba zan ci haƙƙinsa ba.

Yana cikin ukun da aka riƙe. Ranar na yi kuka har 'yar ta taya ni.

Daga baya ya faɗa mini Hajiyar ta tambaye shi wa ya ba shi maganar dami. Kunya ta hana shi cewa matarsa, ya ce wata dattijuwa ce 'yar Maska. Shekarata ashirin da biyu a lokacin.