Layin da ya soke gwajin ruwa

Ofishinmu yana saman bene a Sabon Gari, ƙarƙashinmu kuma garejin masu gyaran keke da acaɓa ne, don haka duk zaman da na yi a can ban taɓa rubuta jimla ɗaya babu ƙarar guduma a kunnena ba. Ƙaramar ƙungiya ce mai haƙa wa ƙauyuka rijiyar burtsatse. Ni ce mai rahoto. A gama rijiya, a yi biki, a ɗauki hoto, ni kuma in zauna in tsara bayanin da za a tura wa masu tallafa mana a Abuja.

Aikinmu duka yana cikin wata manhaja ta kwamfuta. Kowane aiki, komai ƙanƙantarsa, yana da katinsa, kowane kati da lambarsa. Idan kana rubutu a wani kati kana son nuna wani, sai ka saka alamar nan mai kama da tsani, wadda muke dannawa a ƙarshe in za mu duba data a waya, ka biyo ta da lambar. Nan take lambar ta koma shuɗiya, duk wanda ya latsa ta kai shi can. In kuma shafin bayani kake son haɗawa, kamar na ƙa'idojin gwajin ruwa, sai ka rufe sunansa da baka biyu masu kusurwa ta kowane gefe. Shi ke nan ilimin. Amma abin da ya fi burge mu daban ne: da zarar an gama aiki an rufe katinsa, duk inda lambarsa ta bayyana sai layi ya ratsa ta tsakiya ya soke ta. Ba sai ka tambayi kowa ba, ba sai ka buga waya ba. Oganmu har cewa yake layin nan ya rage masa hawan jini.

Kowane ƙauye yana da babban kati, a cikinsa ake jera lambobin matakan aikin: binciken ƙasa, haƙa, gwajin ruwa, kafa famfo, horar da kwamiti. Doka ɗaya ce ba ma wasa da ita. Ba a buɗe wa mutane famfo sai lambar gwajin ruwa ta soku.

A shekarar da nake magana na tafi hutun haihuwa kafin Kirsimeti. Ina gida a Jigwada ina fama da jego aka haƙa rijiya a wani ƙauye can gaba da Panda, aka buɗe ta, na ga hotunan a waya, mata sun sha kwalliya suna rawa. Da na dawo, Ista ta wuce, bazara ta kai intaha, sai Oga ya ce in haɗa rahoton ƙarshe na ƙauyen.

Na buɗe babban katin. Lambobi duka a soke suke, gwanin kyau. Ni kuwa ina da wata ɗabi'a da Injiniya, abokin aikinmu, yake yi mini tsiya a kanta: ba na iya ganin abu shuɗi in ƙyale shi, sai na latsa. Ba wai zargi ba ne, hannuna ne ba ya zama. Ranar ma dai ina da dalili, ina son takardar sakamakon gwajin in liƙa a rahoto. Na latsa lambar.

Katin da ya buɗe na gwajin ruwa ne, ba shakka, kuma a rufe yake, sakamako lafiya lau. Sai dai sunan ƙauyen da ke samansa ba shi ba ne. Wani ƙauye ne ta hanyar Akwanga, wanda muka gama tun bara, ni da hannuna na rubuta rahotonsa.

Na ce ƙila kuskuren haɗi ne kawai, katin gaskiya yana nan wani wuri. Na rubuta sunan ƙauyen a gurbin nema. Binciken ƙasa ya fito, haƙa ya fito, famfo ya fito, har katin hayar kujerun biki ya fito. Gwajin ruwa babu. Na sake nema da sunan gunduma, na sake da sunan watan da aka haƙa rijiyar. Babu.

Na san yadda aka yi tun kafin in tambaya. Babu mai zama ya rubuta babban kati daga farko, wa ke da wannan lokacin? Na ƙauyen baya ake kwafowa, a canza suna, a goge tsofaffin lambobi a saka sababbi. Haka muke yi dukanmu tun da aka kawo manhajar. Wannan karon lamba ɗaya ta tsira, ba a goge ta ba, kuma ta zo da layinta a soke tun daga ranar farko. Manhajar tana nuna wanda ya kwafa. Ba zan faɗa ba, domin duk wanda ya zauna a kujerar nan zai iya yi.

Na juya wurin Injiniya. Ɗan ƙabilar Mada ne, mai yawan dariya, yana cin gyaɗa a teburinsa.

"Injiniya, wa ya ɗebo samfurin ruwan ƙauyen nan na bayan Panda?"

"Ba ni ba ne, Hajiya. Ina garin Lafia lokacin. Da na dawo na ga an riga an soke."

"Wa ya kai ɗakin gwaji?"

"Wanda ya ɗebo mana." Ya yi dariya, sai ya dubi fuskata, dariyar ta tsaya. Ya taso ya leƙa allon kwamfutata. Sannan ya ce a hankali, "Ƙauyen nan ne mai ramuka."

Ban taɓa zuwa ba, don haka ban gane ba, sai da ya yi mini bayani. A bayan ƙauyen, kan tudu, masu haƙar ma'adinai sun yi shekaru suna tona ƙasa suna wanke duwatsu. Ya ce shi ya sa ma a rahoton binciken ƙasa ya rubuta a yi cikakken gwaji, har da na gubar dalma, kada a tsaya a na ƙwayoyin cuta. Na tambaye shi ko mutum zai gane da ido ko da baki. Ya girgiza kai. Ya ce ruwan zai fito garau, da sanyi, da daɗi.

Muka shiga wurin Oga. Mutumin kirki ne, ba zan ci zalinsa ba, amma abin da ya fara faɗa ya ɓata mini rai har yau.

"Malama, kada mu tayar da hankalin mutane a kan abin da ba mu tabbatar ba. A je a ɗebo samfur shiru-shiru. In sakamako ya zo lafiya, ba wanda ya ji, ba wanda ya gani."

"In bai zo lafiya ba fa, Yallaɓai? Su ci gaba da sha har ya zo?"

"Ai sun riga sun sha wata da watanni."

"To shi ya sa."

Na ji muryata ta hau, har masu gudumar ƙasa na ji kamar sun saurara. Ni ba na iya fushi a zaune, sai na miƙe. Oga ya cire tabarau ya murza idanunsa. Ya dubi katin a kwamfutarsa, lambar tana nan da layinta, kamar ba abin da ya faru. Can ya ce wa Injiniya, "Ka sayi sarƙa da kwaɗo a ƙasa. Ku tafi yau."

Muka kama hanya bayan azahar. Hadari ya haɗu ta gabas, baƙi ƙirin, iska tana kaɗa ledoji a kan titi, amma ko ɗigo bai sauka ba. Bayan Panda muka bar kwalta. Injiniya bai kunna rediyo ba, shi da ba ya tuƙi sai da waƙoƙin coci. Kafin mu shiga ƙauyen ya nuna mini tudun da hannu. Ramuka ne birjik, da tarin ƙasa mai launin toka, da wani kwari da ya gangaro daga can ya nufi wajen gidaje.

Famfon tuƙa-tuƙa ne, an zagaye shi da shingen siminti mai ƙofa, an share wurin fes, har an shuka fulawa a gefe. Mata suna layi da bokitai. Shugabar kwamitin ruwa ta fito tarbarmu, dattijuwa ce Bagwandariya, doguwa, makullin shingen yana rataye a wuyanta. Kowa Mama yake ce mata. Ta gane motar, ta yi ta murna.

"Sannunku da zuwa. 'Yata, ke ce ban sani ba. Kin zo ganin rijiyarmu?"

Na durƙusa na gaishe ta. Na rasa ta inda zan fara, sai na faɗa yadda yake: akwai gwajin da ya kamata a yi kafin a buɗe, ba a yi ba, za mu kulle famfon har sai an yi.

Ta dubi sarƙar a hannun Injiniya. "Wani ya yi rashin lafiya ne?"

"A'a, Mama. Ba mu ji ba."

"To ruwan ya ɓaci ne? Zo ki gani." Ta tuƙa da kanta, ta tara hannu. Ruwan ya zubo kamar gilashi. "Tun da aka buɗe, zawo ya ragu a garin nan. Ki tambayi kowa."

Na ce na yarda, amma akwai abin da ba a gani. Ta tambaya ta yaya muka manta. Me zan ce mata? In ce wata lamba ce a kwamfuta ta zo da layi a jikinta? Na ce mun ɗauka an yi, kowa ya ɗauka wani ya yi. Ta yi mini wani kallo da ban manta ba, ba na fushi ba, irin wanda ake yi wa babba da ya yi maganar yara.

Injiniya ya cika kwalabe, ya naɗa sarƙar a hannun famfon, ya datse kwaɗo. Matan ba su yi hayaniya ba, kuma wannan ya fi damuna. Suka ɗauki bokitansu babu komai suka nufi tsohuwar rijiya a ƙasan gari.

Jiran sakamakon ya yi mini tsawo. Na buɗe sabon kati na gwajin, na goge tsohuwar lambar daga babban katin, na saka sabuwar. Ta tsaya shuɗiya, babu layi, ita kaɗai a cikin 'yan'uwanta. Kullum da safe ita nake fara dubawa. Na bi duk ƙauyukan da muka taɓa yi, ina latsa lambar gwajin kowanne. Sauran duka daidai suke. A gida kuwa na zama wata iri, in zan dama wa 'yata abin sha sai in tsaya ina kallon ruwan a kofi, har mijina ya tambaye ni ko lafiya.

Injiniya ne ya karɓo takardar. Ya shigo bai yi sallama ba, ya ajiye a teburina, ya koma kujerarsa ya zauna ya dafe kai. Ban iya karanta alƙaluman ba, amma na ga layin dalma, na ga an ja masa jan biro. Ya ce ba kaɗan dalmar ta haura ƙa'ida ba. Ashe ya gwada tsohuwar rijiyar ma, don kwatance. Ita datti ne da ita, tana bukatar tafasawa, amma dalmarta ba ta kai ko kusa da ta famfon ba.

Oga ya sanar da hukumar lafiya. Aka sa rana za a je a ɗebi jinin mutane. Na ce sai na bi su, bai hana ni ba.

Ranar an yi ruwan farko da asuba, hanya ta yi laka. Ma'aikatan lafiya suka kafa tebur a ƙarƙashin mangwaro kusa da famfon. Sarƙar har ta fara tsatsa. Babbar ma'aikaciyar ta yi bayani da Hausa, wani ya maimaita da Gwandara: manya jikinsu yana iya ɗauka zuwa wani lokaci, yara ƙanana ne abin tsoro, su gubar take taɓa wa ƙwaƙwalwa, kuma ba lallai a ga alama yanzu ba. Ta ce za a fara da yaran da suka fi shan ruwan famfon.

Mama tana tsaye kusa da ni.

"'Yata, kin ji abin da ta ce?"

"Na ji, Mama. Amma ai gari duka aka sha, ƙila abin ya rarrabu, kowa kaɗan."

Ta girgiza kai. Ba ta dube ni ba, idonta yana kan matan da suka fara matsowa da goyo.

"Da zafi ya yi zafi, ruwan ya ragu, ba ya isar kowa. Sai na tara kwamiti. Na tuna abin da mutanenku suka koya mana, cewa ruwa mai kyau yara ne suka fi bukata. Na kafa doka. Mu manya muka koma tsohuwar rijiya." Ta taɓa makullin da ke wuyanta. "Wannan muka bar wa yara da masu ciki. Ni nake tsayawa a nan kullum, kada wani babba ya sha musu."

Ma'aikaciyar ta ɗaga murya ta ce a kawo yaro na farko. Mama ta juya ta kamo hannun jikarta, ta kai ta gaban layi.