Faifan Saukar Inna

Shekarun baya, lokacin da Shari'a ba ta daɗe da kafuwa a jiharmu ba, wani ɗan ƙara ya tsayar da ni ina tsakiyar tankaɗe. Ƙirrr, ƙis. Ƙirrr, ƙis. Daga ɗaki yake fitowa. Injin kallonmu ne yake juya faifan sidi yana kasa kama shi, kamar mai laluben kafar allura ba tabarau. Na karkaɗe hannu na leƙa. Mahaifiyata na zaune a kan tabarma ta gyara zama tana jira, talabijin kuwa shuɗi fes, ba ko inuwar mutum.

"Wai har yanzu ban hito ba?" in ji ta.

Bari in koma baya kaɗan. A waɗannan shekarun ne makarantun Islamiyya na matan aure suka cika Kaura Namoda. Inna, da furfurarta da komai, ta ɗauki jaka ta shiga aji ɗaya da sa'o'ina. Ta yi ta fama shekara da shekaru har Allah ya nufa ta sauke Alƙur'ani. Muka yi walima a gidana, mata zalla. Aka cire hijabai, aka sha lalle da ado, aka saki jiki. Ƙanena ya aro ƙaramar kyamara wurin abokin karatunsa ya ba ƙanwarmu ta ɗauka. Kafin a kunna ta sai da malamarsu Inna ta tsaya ta karɓi alkawari daga bakina a gaban kowa, cewa babu namijin da zai ga hoton nan, ko da maigidana ne. Na ce na ɗauka.

Duk wannan ɗawainiya saboda mutum ɗaya aka yi ta: Yakumbo, yayar Inna, da ke aure a Shinkafi. Ƙafafu sun riga sun kayar da ita, ba ta iya zuwa ba. Ita ta riƙe Inna bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita kuma ta cire ta daga makarantar allo tana ƙarama don aikin gida ya yi mata yawa. Tun ina yarinya nake jin Yakumbo tana cewa, "Ni nic ci amanar karatun yarinyar ga." Da labarin sauka ya kai mata, sai ta aiko cewa ita ba ta yarda ba sai ta gani da idonta. Inna kuwa ko za a yanka ta ba za ta buɗe baki ta yi karatu a gaban yayarta ba, kunya ba za ta bar ta ba. Faifan nan ne kaɗai hanya, ga shi masu zuwa daga can suna ta cewa jikin tsohuwa sai a hankali.

Ƙanena ya kwafe abin a sidi ba tare da ya buɗe ba, ya miƙo mini ya fita. Shi ne injin ya ƙi.

Maigidana yana da aboki mai shagon bidiyo a bakin tasha, mutum mai barkwanci, wanda tunda aka rage kiɗe-kiɗen biki ya koma juya wa'azi da karatu a faifai. Da aka kai masa labari ya ce ai abin da ke cikin kyamara yarensa daban, na injin gida daban, sai an juya shi da manhajar kwamfuta kafin a gasa a faifai. A kawo masa shago, kafin la'asar ya gama. Maigida ya dawo yana murna ya faɗa mini. Na ce, "Malam, in ya juya ai zai gani."

Maigida ya koma shagon. Sai ga su da hantsi washegari a kan babur, shi yana tuƙi, abokin a baya ya rungume kwamfuta kamar mai jego. Suka haɗa wayoyinta a bakin ƙofar da ke tsakanin zaure da tsakar gida, suka juyar da fuskarta ciki, aka saki asabari. Su biyu suka zauna a zaure. Ni aka ba kujera 'yar tsugunno a gaban allon, Inna da ƙanwata a bayana.

Ni da na gama sakandare, abin da na taɓa taɓawa mai maɓallai shi ne tafireta. Na ɗora hannu a kan linzamin kwamfutar, ɗan abin nan da ake turawa kibiya ta motsa a allo, yana ta guje mini, kibiyar ta tafi gabas in ina son yamma. Kowane dannawa sai na yi bisimilla, don a raina gani nake kuskure ɗaya zai shafe Inna da walimarta gaba ɗaya.

Da farko maigida ne ɗan aike. Abokin ya faɗa masa, shi ya ɗaga murya ya faɗa mini, alhali tsakanina da su bai fi taku biyu ba.

"Ya ce ki danna na sama."

"Na sama guda nawa ne, Malam? Sun fi goma."

"Ya ce wanda yake kamar... kai, mi kac ce ma?"

Inna ta gaji. Ta ce, "Don Allah ku bar yarinya ta yi magana da bakinta. Mijinta na nan, uwarta na nan, mi ya rage?"

Daga nan aiki ya miƙe. Ina karanta wa abokin Turancin da ke allon, yana gaya mini inda zan bi. Ya sa na zaɓi tsarin da injinan gida suke ci, da wanda ya dace da talabijin ɗin ƙasarmu, ya ce in na ɗauki ɗayan kowa zai fito baƙi da fari yana tsalle. Wani ɗan layi kore ya fara tafiya a hankali kamar hawainiya. Ya kusa kaiwa ƙarshe masu wuta suka ɗauke.

"Inna lillahi! Shi ke nan, ta tafi?" na ce, har idona ya kawo ruwa.

"Uwargida, kwantar da hankalinki," in ji shi daga bayan asabari. "Na asali na nan. Tuwo na ya ɓaci, hatsi na cikin rumbu."

Aka aro ɗan janareta a maƙwabta, muka sake daga farko. Da koren layin ya kai ƙarshe na buɗe in duba, sai na saki salati.

"Lahiya? Mi kig gani?"

"Duk a kwance suke."

"Su wa?"

"Kowa da kowa. Malama a kwance, Inna a kwance, har tulun ruwa a kwance yake kuma bai zube ba."

Ƙanwata ta rufe fuska da gyale. Ashe don ta samu Inna tun daga ɗankwali har ƙafa, sabuwar atamfa ta fito sosai, sai ta karkata kyamarar a tsaye ta yi ta ɗauka a haka. Muna jin maigida da abokinsa suna dariya har da buga ƙafa. Inna ta karkata kai tana kallon kanta, ta ce, "To ni dai ban taɓa karatu kishingiɗe ba."

Abokin ya kwatanta mini inda ake tayar da hoto. Na tayar da su, sai wata sabuwa ta ɓullo: manhajar ta ja hoton don ya cika allo, kowa ya koma gajere mai faɗi. Malama, wadda siririya ce kamar karan dawa, ta zama kamar randa. Inna ta ce ita dai a bar ta haka, Yakumbo ta ga ana ciyar da ita. Amma dai muka nemo wurin da ake hana shi ja, hoto ya tsaya a tsakiya da baƙi a gefe da gefe, kowa ya dawo kamanninsa.

Wannan duk dariya ce. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne da muka kai wurin karatun. Bakin Inna yana motsi, murya ba ta zo ba. Sai ta rufe baki sannan ayar ta fito. Gaba kaɗan abin ya ƙara nisa, har ya zama tana shafa addu'a muryarta na can baya tana karatu. Inna ta daina dariya. Ta ce a hankali, "In Yaya tag ga wanga, cewa za ta yi wata ta ka karantawa ni ina motsa baki."

Gaskiya ta faɗa. Na san Yakumbo.

Na kwatanta wa abokin maigida. Ya ce akwai wurin da ake jawo murya gaba ko a tura ta baya, amma sai an san tazarar, shi kuma ba ya gani. Ni ina gani, amma da ya tambaye ni tazarar sai na ce, "Kamar dai... ɗan jim." Ya ce kwamfuta ba ta san ɗan jim ba.

Can sai ya ce, "A cikin bikin nan, ba abin da ya faɗi? Ko wani ya buga ƙofa?"

Ƙanwata ta yi farat ta ce akwai. Ana gab da fara karatu wata maƙwabciyarmu ta saki tiren ƙarfe cike da kofuna, duk gidan ya ɗauka. Ranar kamar ta nutse don kunya.

"Alhamdu lillahi, Allah shi yi mata albarka!" in ji shi. "Uwargida, ɗauko kwano da ludayi. Da kin ga tiren ya taɓa ƙasa, ki buga. Ni zan saurari naki da na cikin lasifika."

Haka muka yi. In mayar da hoton baya, tire ya suɓuce, in buga kwano, ƙwal! Sai can a ji na lasifika, tararan! Shi kuma daga zaure ya ce, "Jawo ta gaba." In jawo, mu sake. "Kin wuce, mai da ta baya kaɗan." Baiwar Allah nan ta yi ta sakin tire a gabanmu har Inna ta fara tausaya mata, tana cewa, "Kai, ku bar ta ta huta hakanan." Maigida ya ce shi a rayuwarsa bai taɓa ganin ana gyaran na'ura da ludayin miya ba. Ana cikin haka na buga, sai ƙarar biyu suka haɗu suka zama ɗaya. Daga zaure abokin ya yi kabbara.

Saboda muryar tana ƙara zamewa in hoton ya yi tsawo, ya sa na yanka shi gida-gida, na daidaita kowane yanki da kansa, wani da tafin da aka yi, wani da rufe murfin kula. Sai washegari muka gama. Ya ce in gasa faifan a hankali, kada in zaɓi gudu, tsofaffin injina ba sa son faifan da aka gasa da gaggawa. Kafin su ɗauke kwamfutar, shi da kansa ya ce in goge komai, ya kuma kwatanta mini wani kwandon shara da ke ciki inda abin da aka goge yake maƙalewa, ya ce in zazzage shi. Har ya fita daga gidan nan bai ga ko gefen ɗankwalin kowa ba.

Ranar kasuwar Shinkafi muka shiga mota ni da Inna, faifan a naɗe cikin ɗankwali a jakata, ina tafe ina dafa shi. Muka tarar da Yakumbo a jingine da filo, ta rame ƙwarai amma bakin nan yana nan. Aka kori maza, aka sakaya ƙofa, matan gidan suka cika ɗaki. Na saka faifan. Ya kama.

Yakumbo ta yi ta sharhi. Wance ta tsufa, wance wa ya ɗaura mata wannan ɗankwali. Da tire ya faɗi ta ce, "Wagga ko ɗiyar wa ce, ba ta da riƙo." Sai aka zo karatu. Inna ta juya baya tana kallon bango kamar amarya. Yakumbo ta sa aka matso da ita har gaban talabijin, ta kafa wa bakin ƙanwarta ido, leɓunanta na bin ayoyin. Haka ta yi ta bi har aka shafa. Sannan ta share ido da bakin zane, ta ce, "Ke, juyo nan." Inna ta juyo. Ta kama hannunta ta riƙe. "Ashe dai ban kashe karatun nan ba." Ta numfasa, ta dube ni. "Ɗiyata, mai da shi farko. Wurin mai tiren nan za ki fara."

Ta yi wata da watanni bayan nan tana sa a kunna mata, kafin Allah ya karɓi abinsa.

In na tuna kwanakin nan biyu, ba wahalar nake tunawa ba. Abin da ya zauna mini shi ne yadda mutum ya bar shagonsa ya zo ya zauna a bayan asabari yana aiki da kunne, don kawai wata mata ta ce ta yi alkawari, kuma bai taɓa cewa mun cika tsanani ba. Na kuma daina tsoron na'ura tun daga ranar. Na gane yawancin abin da muke cewa ya lalace, tambaya ce yake yi ba mu gane ba. Yau a unguwarmu in bidiyon mata ya ƙi buɗewa a waya, ni ake kawo wa, ni da linzami ya taɓa kayarwa.

Inna ma ta rasu, Allah ya jiƙansu duka. Autata ba ta riske ta ba. Kwanan baya na juya faifan ya koma cikin wayata, na ba ta tana kallo ina tsintar shinkafa. Na ji shiru ya yi yawa, na ɗaga kai, sai na gan ta ta ɗauko Alƙur'aninta na Islamiyya ta buɗe a cinya, yatsa a kan layi. Ta miƙo mini wayar ba ta ko dube ni ba.

"Umma, ce wa Kaka ta dakata ni, ta yi mini nisa."