Hanyar Gadon Kunkuru

Kakata Inno ba ta fara tatsuniya sai harshen wuta ya kwanta, garwashi kaɗai ya rage a murhu. Takan ce wuta mai ci surutu gare ta, ita kuwa ba ta haɗa baki da kowa. Sai mu zauna mu yi ta jira, ni da ɗan kawuna Ɗanjuma da sauran yaran gida, kowa ya tura ɗan dankalinsa cikin toka, ita kuma tana gefe kan tabarmar kaba tana murza mazari kamar ba ta san da mu ba. A Tungar Faru ke nan, wani ɗan ƙauye can bayan Ruwan Gizo, mahaifar babana. Can ake tura ni daga Talata Mafara duk hutun makaranta don in taya kawu noma, ko da yake cin abin gonar na fi iyawa.

In ta ga na raɓe a baya sai ta ɗago kai ta ce, "Mai gidana, matso nan. Miji ya zamna nesa da matatai, mi mutane za su ce?"

Yara su fashe da dariya, ni kuwa in matso ina sunkuyar da kai. Sa'an nan ta ajiye mazari ta ce, "To ga ta nan, ta taso daga nesa, ta iso da ƙishi." Mu kuma mu amsa baki ɗaya, "A ba ta ruwa, ta zauna mu ji!"

Tatsuniyoyin Inno ba a wata duniya suke faruwa ba. In kura ta ɓuya, a kogon kukar da ke bayan gonar kawu ta ɓuya. In budurwa ta yar da awarwaronta, a mashigin ƙoramar da muke wanka ya faɗa. Gari na wayewa sai mu ruga mu dubo. Da haka na san ƙasarmu tun ban san ana zana ƙasa a takarda ba. Da haka kuma na san Gadon Kunkuru, wani dogon tudu mai tsakuwa da ya taso daga bayan ƙauyen ya miƙa har hanyar noman rani. Siririyar turba ce a kansa, sabara da geza sun rufe bakinta, baƙo zai wuce ta gabanta bai sani ba. Ruwa bai taɓa hawa kanta ba, ko a shekarar da ƙorama ta cinye gonakin fadama.

Cikin tatsuniyoyin akwai wadda ta fi damun mu, ta wasu jagorori biyu, Faɗi-duka da Ƙunshe. A bakin wani babban daji suke zaune, suna takarar fatake. Shi Faɗi-duka, duk wanda ya tambaye shi hanya sai ya durƙusa ya ɗauki tsinke ya zana masa a ƙasa: ga rijiya, ga mashigi, ga inda zaki ke kwana. Ƙunshe kuwa ba ya faɗa wa kowa komai, iyakarsa ya ce, "Bi ni," in ma ya ga dama. Kowannensu na zagin ɗan'uwansa a kasuwa. A tsakiyar dajin akwai wani gari, Ɓoyi, wanda su biyun nan kaɗai suka san hanyarsa.

Ran nan sai ga wani baƙo da almuru, ya naɗe fuska da rawani, da jaka a kafaɗa, yana neman hanyar Ɓoyi.

A nan tatsuniyar take rabuwa. Wani dare Inno ta ce Faɗi-duka baƙon ya tarar. Ya zana masa hanya tsaf, ashe ɗan leƙen asirin mahara ne, kafin wata ya mutu an ƙone Ɓoyi ƙurmus. Wani dare kuma ta ce Faɗi-duka ya tafi cin kasuwa, Ƙunshe baƙon ya tarar. Ƙunshe ya dube shi sama da ƙasa ya ce bai taɓa jin sunan garin ba. Ashe mai magani ne, labarin annoba ya ji ya taso. Ya yi ta yawo a daji har ya gaji ya koma, Ɓoyi kuwa ba wanda ya rage da zai binne wani.

Ɗanjuma ba ya haƙuri da wannan. Ya taɓa miƙewa tsaye ya ce, "Inno, ran nan ba haka kika ce ba! Wacce ce gaskiya?"

Ta ce, "Duka biyu."

"To mene ne cikin jakar baƙon?"

Ta tona garwashi da tsinke, ta ciro dankalina da ya fara ƙonewa ta mirgino mini. "Ni ma ban gani ba, ɗiyana. Bai kwance ta gabana ba. Ta ƙare, ta koma inda ta hito. Ku tashi ku kwanta."

Inno ta rasu ina makarantar gaba da sakandare. Ɗanjuma ya gaji gonar kawu, ya auri Rabi. Ni kuwa karatun safiyo na yi, wato awon ƙasa, na sami aiki a Gusau da wani ƙaramin kamfani mai haɗa taswirar da ake dubawa a waya.

Lokacin da na shiga, takara ta yi zafi tsakaninmu da wani babban kamfani mai kuɗin ƙasashen waje. Su hotunan tauraron ɗan'adam suke saya, na'ura ta bi ta zana musu duk hanyar da ta hango daga sama. Kwalta da manyan burtali ba sa kuskure su. Amma na'ura ba ta san sunan tunga ba, ba ta ganin turbar da ke ƙarƙashin itatuwa, ba ta kuma san wace hanya ke mutuwa da damina ba. Nan muka kafa ƙarfinmu. Taswirarmu tana aiki ko babu sabis, tana magana da Hausa, tana kiran wuri da sunan da mutanensa ke kiransa. Masu raba taki da masu kai magani ƙauyuka su ne kowa ke zawarci, kuma shugaban sashenmu, Malam Kabiru, kullum maganarsa ɗaya ce: "Su suna da tauraro, mu muna da 'yan gari. Nasiru, duk turbar da akuya ke bi daga Bakura zuwa Maradun ina son in gan ta a allon nan."

Na kuwa zuba musu. Mashigai, rijiyoyi, kukoki, sunayen da na ji a bakin murhu, duk na sa. Har muka ƙwace wata kwangila ta masu aikin lafiya daga hannun babban kamfanin, aka yanka rago a ofis.

Abu ɗaya na riƙe. Shekarun nan kowa ya san halin da ƙauyukanmu ke ciki. Na ji cewa duk lokacin da aka ji ƙugin babura da yawa, mutanen Tungar Faru ta Gadon Kunkuru suke sulalewa da mata da yara. Ranar da na zo kan yankin, na ja layin turbar a kwamfuta har ƙarshe, na zauna ina kallonsa. Taswirarmu kowa na iya sauke ta a waya, mai kirki da mugu. Sai na ji muryar Inno tana cewa an ƙone Ɓoyi ƙurmus. Na goge layin. Na bar wa ƙauyen hanya ɗaya tak, wadda ke ratsa ƙorama. Na tashi daga kujera ina jin na yi wa dangina abin kirki, ban kuma faɗa wa kowa ba, don a ganina amfanin abin ke nan.

Daminar da ta wuce, amai da gudawa suka ɓarke a Tungar Faru. Wani ya hau tudu inda ake samun sabis ya yi waya, aka taso ma'aikatan lafiya a babura da ruwan ƙari da magunguna. Baƙi ne a yankin, taswirarmu ce a hannunsu. Ta kai su har bakin ƙorama, suka tarar ta cika ta batse. Suka nemi wanda za su tambaya, babu. Manoman da ke kusa suna jin ƙarar babura suka shige cikin dawa suka kwanta, kamar yadda zamani ya koya musu. Ma'aikatan suka duba waya, ba ta nuna wata hanya ba. Hadari ya taso, suka juya. Bakin Gadon Kunkuru yana bayansu kaɗan, sun wuce shi da zuwa, sun wuce shi da komawa.

Kafin a sake haɗa su da ɗan gari ya shigo da su, an yi rashi a gidaje da dama. Cikin waɗanda suka tafi har da Sa'adatu, 'yar Ɗanjuma ta fari, yarinyar da ta fara koyon tallar gyaɗa, wadda duk zuwana sai ta karɓi wayata ta ce in nuna mata rufin ɗakinsu daga sama.

Rahoton tafiyar ma'aikatan ya zo ofishinmu don mu gyara inda taswira ta gaza. A teburina aka ajiye shi. Na ga layin da baburansu suka bi, na ga inda ya tsaya, na ga inda ya juya.

Na je gaisuwa. Bayan an shafa fatiha mutane sun ragu, muka rage ni da Ɗanjuma a zaure, da wasu dattawa biyu. Muka sake gaisawa, ya haƙuri, haƙuri sai ma'aiki, Allah Ya sa mai ceto ce. Sa'an nan na faɗa masa. Ban ƙawata ba. Na ce na san hanyar, na zana ta, na goge da hannuna, don tsoron kada masu bindiga su gan ta.

Ya zuba wa tabarma ido. Na so ya zage ni, da na fi samun sauƙi.

Ya ce, "Nasiru, kwananta ne ya ƙare. Wanga ba ni da ja a kai." Sa'an nan ya ɗago. "Amma su waɗanda kake tsoro, a dajin nan sunka girma. Sun san Gadon Kunkuru tun kana makaranta. Ba waya suke dubawa ba."

Na ce ban san haka ba.

"Ka tambaye mu?"

Lambarsa tana cikin wayata. Da sallah ma na zo, mun ci tuwo kwano ɗaya, ban ɗaga zancen ba.

Ɗaya daga dattawan ya gyara murya ya ce shi dai har gobe bai yarda a sa hanyar ba, ba duka miyagu ne 'yan daji ba, akwai baƙin cikinsu. Ɗayan ya ce a sa. Suka fara musu ƙasa-ƙasa. Sai muka ji magana daga bayan zana. Rabi ce, ashe tana tsaye tun ɗazu da kwanon ruwan da ta kawo mana.

Ta ce, "Baba, ku yi mini haƙuri in sa baki. Masu kashe mu ba su taɓa ɓata hanya ba. Masu magani su ne baƙi. A sa ta."

Ba a yanke a ranar ba. Sai da mai gari ya tara magidanta bayan sallar Juma'a, aka yi ta ja, wasu suka tashi cikin fushi, kafin mafi yawa suka ce a sa. Dattijon nan da ya ƙi, har yau ba ya amsa gaisuwata da sakin fuska, kuma ba zan ce ba shi da hujja ba. Ba wanda ya san waye zai buɗe taswirar nan gobe.

Tun daga lokacin nake juya tatsuniyar Inno a raina. Ina yaro na ɗauka tambayar ita ce wa ya fi, mai faɗi ko mai ɓoyewa, na kuma girma ina jin haushin ta ƙi raba mana gardama. Yanzu wani abu nake gani wanda ban taɓa lura da shi ba. A duka ƙarshen biyu, ba jagoran da ya ce wa baƙo ya dakata, ya taka zuwa Ɓoyi ya ce, ga wani yana neman ku, in kawo shi? Suna can bakin daji suna takara da juna, suna yanke wa mutane hukuncin rayuwarsu. Ban sani ba ko Inno ta nufi haka. Wataƙila mantuwa ce kawai irin ta tsufa take sa ta sauya ƙarshen. Amma mu masu wannan sana'a, manyanmu da ƙananmu, a bakin dajin muke zaune, kuma na fi kowa sanin daɗin kujerar.

Ɗanjuma ne ya ɗauke ni a babur ranar da za a ɗauki hanyar. Na kunna waya tana bin sawunmu, muka kutsa cikin sabara muka hau tudu. Da muka kusa gangarawa ƙauye sai ya rage gudu daidai wani fili da aka kewaye da ƙaya, inda ƙasa ta yi tudu-tudu, wasu ko ciyawa ba ta fito a kansu ba. Ya sa ƙafa ƙasa, bai kashe babur ba.

Ya ce, "Nan ma kana sawa?"

Na ce, "In kun ce in sa."

Ya dubi wani ɗan gajeren tudu daga gefen gabas, inda Sa'adatu take kwance.

"Sa," in ji shi. "Wanda duk ya biyo hanyag ga, ya san mi ta ci kafin a buɗe ta."