Malam Maiguwa da Takardar Karbon

Na fara sanin Malam Maiguwa a shekarar 1971, cikin watan Oktoba, ana tsakar girbin gero. Lokacin ina koyarwa a lakwal a Madawa. Ya zo har ƙofar aji da wata takardar Faransanci a hannu, ya jira sai da aka tashi yara, sannan ya ce an gaya masa akwai wani ɗan mishan a nan da ya san Faransanci har na cikin littafi. Bayanin maganin ƙwarin albasa ne, yana so ya sa shi cikin jarida da Hausa. Na fassara masa a tsaye. Ya saurara har ƙarshe, ya kira ni da sunan da ake kiran malaman lakwal, ya ce, "Mushe, wagga Hausa taka, Turawa sunka koya maka ita?" Na ji haushi, amma da na sake tuna abin da na faɗa, na ga ko uwata ba za ta gane shi ba. Daga ranar muka zama abokan aiki: ni in juyo Faransanci, shi ya mai da shi maganar mutane.

Shi ɗan manoma ne. Allo kaɗai ya yi yana yaro, sai da ya kai shekara talatin ya koyi boko a ajin yaƙi da jahilci. Da aka ga kansa na ja, aka ba shi aji, daga baya aka damƙa masa 'yar jaridar da ma'aikatar yaƙi da jahilcin ke fitarwa sau ɗaya a wata. Shafi huɗu ce, kwafi ɗari uku. Yakan buga ta a kan sitansil, wato takardar kakin nan da ake ɗaura wa injin juyawa da hannu. Injin rubutun na Faransa ne, ba shi da ƙa, ba ɗa, ba ɓa, don haka ni ke bin kowane layi da allura ina sa musu lanƙwasa. Kowane labari kuwa sai ya karanta wa matarsa Zaliha tana tankaɗe. In ta ce "mi ke nan?" sai ya sake rubutawa. Ranar kasuwa ake raba jaridar, masu koyarwa su kai ƙauyuka har Buza da Keita, a karanta ta da ƙarfi a gindin itace.

A watan Fabrairu na 1978 ya je wurin Tanko mai ɗinkin hula a bakin kasuwa. Masu wannan sana'a suna son takardar karbon, da ita suke sauke zane a kan ƙyalle, kuma masinjojin ofis ke ba su wadda aka gama da ita. Yawanci karbon yakan sha bugu har ya zama baƙi ƙirin, ba a gane komai. Amma cikin na Tanko akwai guda biyu da sau ɗaya tak aka sa su a inji. Maiguwa ya ɗaga ɗaya wajen rana, ya ga haruffa sarai, har ya tsinci sunan garin Tama. Ya ce wa Tanko zai musanya masa da sababbi guda huɗu. Tanko ya ce in haka ne ya kwashe duka.

Da la'asar ya same ni a gida. Muka manna takardar a gilashin taga, na karanta masa layi layi. Wasiƙa ce daga wani ma'aikacin ofishin jakadancin wata ƙasar Turai zuwa ga jakadansu a Yamai. Mutumin ya yi mako guda yana rangadi a yankinmu, ga alama kuma ya sa an buga masa wasiƙar a wani ofis da ba zan ambata ba. Ta ce ƙasarsu za ta gina madatsar ruwa a wani kwari kusa da Tama bayan damina, ruwan zai rufe garake, wato lambuna, na iyalai wajen sittin, kuma har yanzu ba a gaya musu ba, suna nan suna gina rijiyoyin siminti suna dasa mangwaro. Ta ce wani babban mutum na wurin ne ya hana a faɗa, don yana so ya riga kowa kama filayen da za su sami ruwa. Sannan Baturen ya yi wa kwamanda, mai mulkin gundumarmu, ba'a, wai ba a ganinsa daga azahar sai ƙarfe huɗu saboda barci. A ƙarshe ya rubuta cewa duk wannan ya ji shi daga bakin malamin gona Isaka, wanda ya roƙa kada a ambace shi.

Ni, in faɗi gaskiya, so na yi a buga duka. Shekaruna talatin da huɗu, kuma kwamandan ya taɓa barina tsaye a ƙofarsa awa biyu.

Maiguwa ya ce, "Barcin kwamanda ya cinye garkar wani?"

Na ce, "A'a, amma mutane za su yi dariya."

"Dariya ba ta cikin aikinmu, Mushe. Karanto mani wurin rijiyoyin ga."

Mulkin soja ake yi, kuma jaridar ta gwamnati ce. Ya san abin da zai iya biyo baya. Abin da ya yi shi ne, ya rarraba wasiƙar kashi kashi a kan allon ajinsa, bayan ya kulle ƙofa. Zancen madatsa, mutane na da hakkin su sani, domin guminsu ne ake zubawa cikin ramin da ruwa zai cinye. Zancen babban mutumin, ba shi da shaida sai faɗar Bature, shi ma ji ya yi, don haka ya goge shi. Ba'ar kwamanda ya goge. Sunan Isaka ya goge, har ya bi wurin da jiƙaƙƙen tsumma. Tanko da masinja kuwa ko a allon bai rubuta su ba.

Sannan ya ce takarda tana iya yin ƙarya, bari ya je ya gani. Ya hau motar kasuwa zuwa Tama, ya shiga kwarin da ƙafa. Ya tarar da turakun ƙarfe masu jan fenti an jera su a gefen tudu, sama da garaken duka. Wani tsoho da ke ban ruwa ya ce masa masu awo ne suka kafa su bara, sun ce na hanyar mota ne. Daga nan ya wuce Buza, ya shiga ofishin da abin ya shafa, ya tambayi shugaban wurin ko gaskiya ne za a yi madatsa. Mutumin ya ce ba shi da izinin magana. Maiguwa ya ce, "To in rubuta ba gaskiya ba ne?" Ya ce shi bai ce haka ba. Maiguwa ya rubuta amsar yadda aka ba shi ita.

Mutum ɗaya ne bai je wurinsa ba, Isaka. Ya ce in aka gan su tare an gama gane komai. Da ya dawo ya ƙone karbon ɗin a murhun Zaliha.

Labarin ya fito cikin jaridar watan Maris, layi ashirin da biyu. Ya faɗi turakun da ya gani da idonsa, ya faɗi amsar ofis, ya ce akwai wata wasiƙar baƙi da ta tabbatar da zancen. Sai ya ƙara layi ɗaya, don kada a ce Bature ne kaɗai ya faɗa: "Wani malamin gona ma ya shaida wa baƙon haka." Mun yi maganar layin. Ya ce malaman gona goma sha ɗaya ne tsakanin Buza da Keita, wa zai san wanne ne? Na yarda. Ni na bi layin da allura, hankalina na kan lanƙwasar ƙa ta "baƙon".

Abin da muka manta, mu da muke zaune a Madawa bakin kwalta, shi ne a waɗannan ƙauyuka mota ba ta wucewa sai an san wanda ke ciki. Malaman gona goma sha ɗaya ne, amma ɗaya ne kaɗai aka gani a gaban Landirobar Baturen, kwana uku a jere. Mai koyarwar Tama ya gaya mana daga baya cewa bai kai ƙarshen layin ba wata mata ta ce, "Isaka ne, Allah shi yi mai albarka." Da alheri ta faɗa, amma kafin sati ya zagayo maganar ta kai inda bai kamata ba.

Labarin ya yi amfani. Mutanen kwarin sun dakatar da ginin rijiyoyi, sun tura dattawa Buza, kuma kafin a fara aikin an yanka wa kowane gida fili a ƙasan madatsar. An kira Maiguwa zuwa Tawa, babban birnin jiharmu, an tsare shi kwana biyu ana tambayarsa inda ya ga wasiƙar. Ya ce a hannun rana ya gan ta, bai ƙara ba. Aka dakatar da jaridar wata uku. Isaka kuwa, cikin mako biyu aka ba shi takardar canjin wurin aiki zuwa can gabas, bakin tafkin Cadi. Ba a ce don me ba.

Isaka mutumin Galma ne. Ya tafi da matarsa da 'ya'yansa, ya bar tsohuwarsa Jaratu da gonar gero da ya gada wurin ubansa. A ƙasarmu gonar da ta kwana damina biyu ba a taɓa ta ba, sai ka ji wani ya tuno kakansa ne ya share ta. Akwai kuwa wani ƙanen uban Isaka da ya daɗe yana kallon wannan gona. Maiguwa ya rubuta wa Isaka wasiƙa ya ce laifinsa ne, layin nan bai kamata ya fito ba. Amsa ba ta zo ba.

Da aka yi ruwan shuka na wannan shekara, na lura ba na samun Maiguwa a gida ranar Lahadi. Zaliha takan ce ya fita da keke. Ban bi ba'asi ba sai damina ta biyu, wata Litinin da ya kasa juya injin saboda tafin hannunsa ya kumbura.

Na ce, "Malam, ina kake zuwa?"

Ya ce, "Galma."

"Yin me?"

"Noma, ɗan mishan. Ku a lakwal ɗinku ba a koya maku mi aka yi da hauya ba?"

Ashe tun da asuba yakan ɗaure hauya a keke ya tafi. Ranar farko ya gaida Jaratu ya ce shi abokin aikin ɗanta ne, ya zo ya kama mata. Ta ce ba ta san shi ba. Ya ce, "Inna, gona za ta san ni." Shi ya shuka, shi ya yi noman farko da maimai, ya yi girbi, ya zuba damman cikin rumbunta, bai taɓa ɗaukar zangarniya ɗaya ba. In aikin ya fi ƙarfin Lahadi sai ya ɗauki hutunsa na shekara. Na ce masa ai ni ma da hannuna a layin, in biyo shi. Ya ce ni allura na riƙe, shi ya riƙe alƙalami, in zauna in gyara takardun yara. Sau biyu dai na bi shi, kuma ban yi abin kirki ba.

Damina bakwai ya yi yana wannan. A 1984, da ruwa ya ƙi, ya shuka gonar sau biyu yana sane ba abin da za a samu, don dai a ga sawun hauya a cikinta. Jaridar kuwa ta ci gaba har ƙarshen shekarun nan. Bayan abin da ya faru, duk labarin da ya ɓoye sunan wani a ciki, ba Zaliha kaɗai yake karanta wa ba. Yakan nemi mutumin wurin da abin ya faru, wanda ya amince da shi, ya karanta masa, ya tambaye shi wa yake jin ake nufi. In ya canka daidai, layin ya fita.

Sauran labarin daga bakin Isaka na ji shi, shekaru bayan rasuwar Maiguwa. An mai da Isaka gida a watan Yuli na 1985. Ya ce ya sauka Galma ranar Asabar yana zaton sai ya kai ƙara kafin ya ga gonarsa. Tsohuwar ta ce masa ya kwanta ya huta, mutumin Madawa na zuwa gobe. Bai gane ba. Da safe ya fita ya tarar da keke a jingine jikin gawo, wani mutum mai furfura yana noman farko, ya riga ya ci kunya shida. Ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba.

Isaka ya yi sallama, ya ce, "Kai ne mai jarida?"

Ya ce, "Ni ne. Kun iso lahiya? Ya iyali?"

"Lahiya lau. Na samu takardarka."

"To."

"Ban amsa ba."

"Na gani."

Isaka ya miƙa hannu, Maiguwa ya ba shi hauyar. Ya nuna masa gefen yamma inda zaizaya ta fara cin ƙasa, ya ce ya jera duwatsu amma suna son ƙari. Ya nuna masa iyakar da ke tsakanin Isaka da baffansa, ya ce tana nan inda ya same ta. Sannan ya shiga gari ya yi wa Jaratu sallama, ya sha furar da ta dama masa, ya hau kekensa tun rana ba ta yi zafi ba. Hauyar ma tasa ce, amma bai koma ya karɓa ba.