Ƙusoshin da ke cikin mangwaron Inna

Edita, na daɗe ina karanta wannan shafi ina jinjina wa masu sauke kayan da ke ransu, yau dai layi ya zo kaina. Ba zan kama sunan kowa ba, wanda ya gane mu ya rufa mana asiri.

A shekarun da kananzir ya yi wuya, wayar salula ta fara shiga hannun talaka, ni malamar firamare ce a Samaru, da aurena da 'ya'ya biyu. An san ni da baki. A zumuntar mata ta cocinmu, in an rasa mai faɗa wa fasto gaskiya ni ake turawa. Maigidana kuwa mutum ne mai sanyi, siriri, shi ke kaɗa wa mawaƙa jita ran Lahadi. Abu ɗaya ne bakin nan nawa ba ya taɓawa, wato asalina. Iyayena Maguzawa ne daga wani ƙauye can bayan Samaru, sai da na yi wayo suka shiga coci. Shi kuwa maigidana gidansu tun kan kakansa suke bin addinin Kirista. Ranar da aka kai ni, na ji surukata tana ce wa wata a hankali, Allah dai ya sa ba a haɗo wa amarya da tsafi cikin kaya ba. Suka yi dariya. Wataƙila ma wasa take yi, amma maganar ta zauna mini a ƙirji shekara da shekaru.

Da aka rage ma'aikata a gonar gwajin da maigidana yake aiki, sunansa ya fito. Ni na kawo shawarar sana'ar itace, domin kowa ya koma murhu, masu tuwo da gidajen burodi suna neman itace ido rufe. Muka ɗauki abin da aka sallame shi da shi muka nufi Sabon Gari neman injin yanka itace. Mai shagon wani dattijon Ibo ne da ke cakuɗa Hausa da Turancin buroka. Ya jera mana iri uku. Ni idona na kan babban, don a ganina in za ka sha giya sha ta dubu. Ya ce wannan na masu fasa katako ne a dajin kudu, kafin azahar zai tsinke wa mijina baya, ƙaramin kuma na sassabe reshe ne. Ya miƙa masa matsakaicin, wanda tsawon bakinsa bai wuce kamu ɗaya da ɗan ɗori ba, ya sa shi ya riƙe da hannu a miƙe ya ga ko zai yi rawa. Bai yi ba. Ya nuna masa yadda ake gauraya fetur da mai, da yadda ake wasa haƙoran sarƙar da magagari, da birkin da ke tsayar da ita in injin ya yi harbi. Muna shirin fita ya kira mu ya ce injin nan abu ɗaya yake tsoro, ƙarfe. Ya ce bishiyar daji ba ta da matsala, amma ta cikin gida kada ya kuskura ya sa mata baki sai ya tambayi masu gidan ko an taɓa buga mata ƙusa ko ɗaura waya. A gabana ya faɗa, har na ce masa ni zan riƙa tuna wa maigidan.

Sana'a ta karɓe shi. Yakan ɗaure injin a bayan babur ya shiga ƙauyuka, ya sayi busasshiyar bishiya a tsaye, ya kayar ya daddatsa. Ya dawo kansa fari fat da garin itace, yara suna masa dariya. Ko ya gaji, da yamma sai ya ɗan taɓa jitarsa a ƙofar ɗaki.

Bayan rasuwar Inna, wato mahaifiyata, ƙanena da ke zaune a gidanmu na ƙauye ya aiko cewa saiwar mangwaron tsakar gida ta tsaga bango, yana so a kayar da shi kafin damina. Mangwaron nan na san shi. Ina ƙarama ya girma ya ƙi 'ya'ya, sai wani tsoho ya ba Inna laƙani. Ta yanka jan zakara a gindinsa, ta zuba burkutu, sannan ta bubbuga masa manyan ƙusoshi a kewaye, daidai ƙugunta, wai don ya ji zafi ya haihu. Ni na riƙe mata ƙusoshin a bakin zanena ina miƙa mata ɗaya bayan ɗaya. Lokacin ana goyon ƙanena, bai san an yi ba. Da shekaru suka ja, ɓawo ya haɗiye su, ko alama babu.

Ranar Asabar muka je. Surukata ta biyo mu don tana son itacen bikin wata 'yar ƙanwarta, ta sami turmi ta kifa ta zauna a inuwa tana ɓarar gyaɗa. Maigidan ya zagaya bishiyar yana shafa ta, ya tambayi ƙanena ko akwai ƙarfe, ƙanen ya ce wayar shanya ce kawai kuma ya kwance ta. Sai maigidan ya juyo gare ni yana murmushi, ya ce Maman yara ce ta girma a ƙarƙashinta, ita za a tambaya. Edita, ban manta ba, kada in yi wa kaina ƙarya. Har nauyin ƙusoshin na ji a zanena a lokacin. Amma na ɗaga ido na ga surukata, na san in na ce akwai ƙusa za ta tambayi dalili, daga ƙusa a kai ga zakara, daga zakara a kai ga burkutu. Na ce a raina ai tsatsa ta daɗe da cinye su. Na buɗe baki na ce ban san da komai ba.

Ya ja igiya injin ya tashi. Ya cire tsaga ta gefen da yake so ta faɗi, lafiya lau, har na fara sakin numfashi. Da ya koma ta baya ya sa baki daidai ƙugu, sai na ga tartsatsi, na ji wata ƙara da har yau in mai walda na aiki ba na iya wucewa ta wurin. Injin ya yi tsalle ya dawo kansa. Birkin ya kama, shi ya sa yake da rai, amma kafin ya kama sarƙar ta riga ta sauka a hannunsa na hagu, tsakanin wuyan hannu da gwiwa. Bai yi ihu ba, ni ce na yi. A motar da muka ɗauko don kwasar itace aka kai shi asibiti, kansa a cinyata, ɗankwalina ɗaure a hannun.

Likitoci sun ceto hannun, amma jijiyoyin sun tsinke, yatsun suka ƙanƙame ba su ƙara miƙewa ba. Muna asibitin ƙanena ya faskara wurin da gatari ya kawo mana ƙusar. Tsatsa ba ta ci komai ba, inda haƙori ya same ta ma har ƙyalli take yi. Surukata ta karɓa ta juya ta, ni kuwa ina jiran abin da na yi shekaru ina gudu. Sai ta yi ajiyar zuciya ta ce ai ƙusar haihuwa ce, ita ma da hannunta ta buga wa mangwaron gidansu na Palladan, kuma a wajen uwarta ta gani, wa bai yi ba? Ta ce da Inna tana da rai da ta faɗa masa. Sannan ta kama hannuna ta kira ni 'yata, ta ce in daure in ci abinci don ɗanta yana buƙatata. Da mari ta yi mini da ya fi mini sauƙi.

Watanni na yi ina ɗauke da abin. Wata Lahadi da yamma na leƙa ɗaki na tarar ya ɗora jitar a cinya yana ƙoƙarin danna tsirkiya da yatsun da ba sa jin magana. Na durƙusa na faɗa masa komai, har zakaran. Cewa ya yi da na faɗa, da ya ɗaga injin sama kaɗan, taƙi ɗaya, shi ke nan. Ya ce ya yafe, kuma daga ranar bai ƙara tayar da zancen ba. Injin muka sayar, jitar ya kai coci ya bar musu.

Abin da na koya, mun zaɓi injin da ya dace, mun ji gargaɗin da ya dace, kunyata ce ta yanke shi. Ina kira ga duk mai wannan sana'a, kada ka yarda da amsar mutum ɗaya a kan bishiyar gida, ka nemi tsofaffi, ka sassaƙe ɓawon da gatari ka gani da idonka. Ku kuma 'yan'uwana masu ɓoyon inda kuka fito, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda kike jin kunyarsa wataƙila irin ƙusarki ce a bishiyar gidansa. Har yau muna tare, kuma kusa da ni yake zama a coci. In mawaƙa suka tashi ba na kallon gaba, gwiwarsa nake kallo, inda babban yatsansa na dama ke kaɗawa shi kaɗai, na hagun kuma yana kwance.