Takunkumi a Kan Gemu

Dawaki talatin ne na roba, kowanne bai wuce tsawon tafin hannu ba, kuma mako biyar mai oda ya ba ni. Abu na uku a cinikin shi ne huhun mutumin da ke yi mini fenti, amma shi ban sa shi a lissafi ba.

Da tebur na fara a titin 125th Street, ina sayar da kayan wasan yara. A nan na gano akwai Turawa masu tara irin waɗannan dawaki, kuma in an sake musu launi da hannu suna saya da daraja. Sai na nemo wani dattijo ɗan Maradi da ya daɗe yana zane a jikin manyan motoci. Na kama masa ɗakin aiki a ƙarƙashin wani gini a unguwar University Heights da ke Bronx, mai ƙaramar taga ɗaya.

Ya iya aiki. Zai goge doki da samfefa, ya wanke shi da sabulu, ya fesa farin fenti, sannan ya riƙa ɗora launi kaɗan-kaɗan, sai wani ya bushe ya ƙara wani. Ido da kofato kuwa da siririn burushi yake bi. Feshin ƙarshe, mai kare launin, shi ne mai hawa kai.

Na saya masa takunkumi mai tace iska. Takardar cikin kwalin ta faɗa ƙarara cewa ba ya kama fuska in akwai gemu. Na gaya masa.

"Baba, ko za a rage shi kaɗan?"

Ya shafa gemun, ya yi dariya. "Alhaji, wannan ya girmi kasuwarka. A tasha ƙyalle kawai nake ɗaurawa, ga ni kuwa."

"A tasha a fili kake."

"To, buɗe mini filin."

Ban buɗe ba. Sanyi ya shigo, fenti ba ya kwanciya a sanyi, sai muka rufe tagar. Na san akwai fanka mai zuƙe iska waje. Na ce sai bayan wannan odar zan saya. Kullum in na shiga ina jin warin a maƙogwarona, in ɗauki waɗanda suka bushe in fita, in bar shi a ciki.

A mako na huɗu ya fara tari. Ya ƙarasa aikin, bayan kwana biyu matarsa ta kira ni daga asibiti. Likita ya ce shi da feshi har abada.

Bai taɓa ɗora mini laifi ba, cewa yake ƙaddara ce. Ni kuwa na karanta takardar.

Mai odar har yau yana saye a wurina, na kuma buɗe shago mai fanka biyu. Dattijon yana nan a Bronx, hawa na uku. Kafin ya kai ƙofarsa sai ya zauna sau biyu a matakala. Ribar ta zo hannuna, asarar ta tsaya a ƙirjinsa.